Na gyara Thunar a Gentoo, emerge ya share gyaran: ina ake ajiye shi ya zauna?

Tambayar ta fito ne daga wani ƙanena a Garwa, mai shagon buga takardu da fotokwafi a bakin kasuwa. Kwamfutoci uku gare shi, duk sun kwana biyu, kuma Gentoo (wani nau'in Linux da ake gina manhajojinsa daga rubutun tushe) da Xfce (manhajar tebur) ya ɗora musu. Abin da ke damunsa shi ne yaran shago, wani lokaci har da masu kawo aiki, sukan danna Shift da Delete a cikin Thunar, manhajar duba fayiloli ta Xfce, takardar mutum ta tafi ke nan ba tare da ta biya ta kwandon shara ba. Ya shiga /var/tmp/portage ya sami rubutun tushen Thunar, ya gyara, ya buga emerge, umarnin gina manhaja da girka ta, sai ya tarar babu gyaran babu alamarsa. Ya koma ya kwance ƙunshin da ke /var/cache/distfiles, ya gyara, ya sake ɗaurewa, Portage, mai kula da girka manhajoji a Gentoo, ya ƙi karɓa. Yana so ya san ta ina ake shigar da gyara ya zauna daram.

Ƙanena, sannu da ƙoƙari. Wuraren biyu da ka taɓa, babu ɗaya da aka yi domin ajiya, shi ya sa wahalarka ta tafi a banza. Bari in fara da nuna maka abin da ya faru, don in ka gane shi sauran bayanin zai zo maka da sauƙi.

Idan ka buga emerge, Portage yana bin wani ɗan fayil da ake kira ebuild, wanda aka rubuta da bash, kuma a cikinsa aka jera yadda za a gina manhajar mataki-mataki. Zai kwance ƙunshin tushe, ya shirya shi, ya saita shi, ya gina, ya girka a wata folda ta wucin gadi, sai a ƙarshe ya kwashe abin da ya gina ya zuba cikin tsarin kwamfutarka. Sunayen matakan su ne src_unpack, src_prepare, src_configure, src_compile da src_install. Duk wannan aikin a /var/tmp/portage ake yin sa, kuma abu na farko da emerge ke yi shi ne share abin da ya tarar a wurin, ya kwance sabo daga ƙunshin asali. Wurin kamar teburin tela ne da ake kakkaɓewa kafin a shimfiɗa sabon yadi. Kai kuwa a kan teburin ka bar gyaranka.

Na biyun kuma, kowane ƙunshi da Portage ke saukewa yana da hatimi a cikin fayil mai suna Manifest: girmansa, da lissafin BLAKE2B da na SHA512. Ko harafi ɗaya ka canza, lissafin ba zai zo daidai ba, sai Portage ya ɗauka ƙunshin ya lalace a hanya ko wani ya sa masa hannu, ya ture shi gefe ya nemi sauko da wani. Ka ga ka yi asarar data a kan haka. Kada ka nemi hanyar kashe wannan binciken. Shi ne ke tsare ka daga gina abin da ba masu manhajar suka fitar ba. Akwai wuri na uku da mutane kan faɗa, ban ga ka ambata ba amma na san zuciyarka za ta kai ka: gyara ebuild ɗin kai tsaye a /var/db/repos/gentoo. Shi ma ranar da ka buga emerge --sync, umarnin sabunta ebuild ɗin Gentoo, za a mayar da shi yadda yake a wurin masu shi.

Abin da ake yi shi ne faci. Kalmar dai ita ce wadda ka sani a wurin mai facin taya: ba a sake ƙera tayar, ɗan yanki ake mannawa daidai inda ake so. A nan facin ɗan fayil ne na rubutu zalla, wanda ke cewa a fayil kaza, kusa da layi kaza, cire wannan ka sa wancan. Kai ba tushen da ka gyara za ka adana ba, bambancin da ke tsakanin na asali da naka za ka adana. Portage kuma ya ware wa wannan bambancin gida na musamman, wato /etc/portage/patches. Tun daga ƙa'idar rubuta ebuild ta EAPI 6, wadda aka amince da ita a 2015, an wajabta wa kowane ebuild ya kira wani aiki mai suna eapply_user a matakin shiri, shi kuwa aikinsa ke nan: ya leƙa waccan foldar, in ya ga faci na manhajar da ake ginawa ya manna shi kafin a fara gini. Sync ba ya taɓa wurin, emerge ba ya share shi.

Amma kafin mu kai can, akwai tambayar da nake yi wa duk wanda ya zo mini da irin wannan magana: ka tabbata sai an taɓa tushe? Sau da yawa abin da mutum ke nema yana nan a saiti. Wani abin tutar USE ce kawai, wato zaɓin kunna ko kashe wani fasali lokacin gini, layi ɗaya a /etc/portage/package.use. Wani abin zaɓi ne da ake miƙa wa matakin saitawa ta /etc/portage/env da package.env, da EXTRA_ECONF ko MYMESONARGS ko MYCMAKEARGS gwargwadon abin da aka gina manhajar da shi. Ƙananan manhajoji irin su dwm da st, waɗanda saitinsu ke cikin config.h, suna da tutar savedconfig. Na taɓa ganin wanda ya ɗaura niyyar yi wa xkeyboard-config faci don ya sami ƙ da ɗ da ɓ a kan allon AZERTY irin namu na Kamaru, alhali layuka kaɗan a ~/.XCompose sun ishe shi. Kai ma, Thunar na ajiye gajerun hanyoyin maɓallai a ~/.config/Thunar/accels.scm, kana iya kwance Shift da Delete daga can cikin minti biyu. In yaran shagonka kuskure ne kawai suke yi, fara da wannan. Faci ya cancanta ne idan kana so a toshe gogewar dindindin daga tushenta, ta kowace ƙofa aka biyo, kuma ba wanda zai buɗe saiti ya mayar. Na ɗauka abin da kake so ke nan, don haka mu ci gaba.

Girka gentoolkit in ba ka da shi, saboda equery, umarnin da zai nemo maka ebuild ɗin Thunar. Sannan da ikon root, wato babban asusu mai iko da komai, ka buga:

ebuild $(equery which thunar) clean prepare

Umarnin ebuild ya bambanta da emerge: yana tsayawa daidai matakin da ka ce, kuma ba ya share bayansa. Na ce prepare ban ce unpack ba da gangan. Masu kula da Gentoo su ma sukan manna nasu facin a matakin shiri, kuma a bisa al'ada nasu ke riga naka shiga. In ka auna facinka a kan tushen da bai sha nasu ba, wata rana layukan ba za su haɗu ba. Yanzu tushen yana cikin /var/tmp/portage/xfce-base, ƙarƙashin foldar thunar mai lambar siga, cikin work. Kada ka yi aiki a nan. Kwafe foldar zuwa gidanka, ka mayar da mallakarta ga sunanka da chown. Dalili biyu ne: wurin na mai amfani ne da ake kira portage, git, manhajar da za mu bi sawun canje-canje da ita, zai yi maka ƙorafin mallaka, sannan emerge na gaba zai share shi kamar yadda ya yi maka a baya.

A cikin kwafin, kafin ka taɓa ko da waƙafi:

git init
git add -f .
git commit -m asali

Wannan -f ɗin yana da amfani, don wasu ƙunsoshin na zuwa da .gitignore da ke ɓoye fayiloli, ka gyara abu git ya yi kamar bai gani ba.

Yanzu sai neman wurin da za a gyara, kuma nan ne sababbi suka fi ɓata lokaci, suna buɗe fayil bayan fayil suna karantawa. Akwai gajeriyar hanya. Kwamfutocinka na san da Faransanci suke magana, kamar yawancin namu a Garwa da Marwa. Danna Shift da Delete a kan wani fayil na banza, ka karanta tambayar da tagar ta yi maka, ka riƙe kalma ɗaya ko biyu daga ciki. Wannan jimlar ba ta cikin rubutun C, harshen da aka rubuta Thunar da shi, tana cikin po/fr.po, fayil ɗin fassara. Nemo ta can da grep, umarnin neman kalma a cikin fayil, ka sa -B5 don ya nuna maka layukan da ke samanta. Za ka ga msgid, wato jimlar asali ta Turanci, kuma ita ce ke cikin tushe. Ɗauki wani yanki nata ka sake grep -rn a foldar thunar. Zai kai ka thunar/thunar-application.c, cikin wani aiki mai suna thunar_application_unlink_files. Wannan dabarar ta bin saƙon allo zuwa fassara, daga fassara zuwa tushe, tana yi a kusan kowace manhajar tebur da ke amfani da gettext, ka riƙe ta.

Zauna ka karanta aikin nan daga sama har ƙasa kafin ka sa hannu, bai da tsawo. Za ka ga yana karɓar wani abu mai suna permanently, wanda ke nuna gogewar ta dindindin ce ko ta kwando. Za ka ga yana zagaya fayilolin da aka zaɓa yana tara su a jeri, kuma a cikin zagayen shi da kansa yakan mayar da permanently gaskiya idan fayil ɗin ba irin wanda za a iya jefawa kwando ba ne, misali wanda ya riga ya shiga kwandon. Bayan zagayen ne yake yanke hukunci: ko ya yi tambaya ya goge, ko ya tura kwando. To gyaranka a tsakanin nan zai zauna, bayan zagaye kafin hukunci: idan permanently gaskiya ne, a saki jerin a koma. Dubi ƙarshen aikin, akwai layin da ke sakin jerin daga ƙwaƙwalwa, kwafo shi daidai yadda yake ka sa kafin return ɗinka. In ka manta shi manhajar za ta yi aiki, amma duk dannawa tana barin ɗan abu a ƙwaƙwalwa, kuma Thunar yini yake yi a kunne. Layi huɗu ko biyar ne duka gyaran.

Ina ba ka shawara kada ka bar shi ya koma shiru. Yaro zai danna, ya ga ba abin da ya faru, ya ɗauka kwamfuta ta sanƙare, ya kashe ta daga soket. Sa ɗan saƙo ya fito, ka duba yadda sauran wurare a fayil ɗin ke nuna kuskure ka bi sawunsu. Rubuta saƙon kai tsaye da Faransanci ko da Hausa, yadda yaranka za su gane. Abu ɗaya da za ka kiyaye: kada ka gyara jimlolin Turancin da ke cikin _( ) don kawai ka ga sun fi daɗi. Fassarar Faransanci da jimlar asali take gane wurinta, harafi da harafi. Ka canza ɗigo ɗaya, fassarar ta ɓace, tagar ta koma Turanci.

In ka gama:

git diff > hana-gogewa.patch

Buɗe shi ka karanta. Ya kamata ka ga layukanka da alamar tarawa a gabansu, da layuka uku na asali sama da ƙasa, ba wani abu ba. In ka ga ɗaruruwan layuka, editanka ya taɓa tazara ko ƙarshen layi, koma ka gyara, don faci mai ƙiba shi ne mai saurin ɓallewa. In ka ƙirƙiri sabon fayil, git diff ba zai gan shi ba sai ka yi masa git add -N. Amfanin git a nan shi ne yana rubuta hanyoyin fayil da a/ da b/ a gaba, daidai yadda eapply_user ke so, tun da da -p1 yake mannawa.

Sai ka kai shi gidansa:

mkdir -p /etc/portage/patches/xfce-base/thunar
cp hana-gogewa.patch /etc/portage/patches/xfce-base/thunar/

Sunan ya ƙare da .patch ko .diff, in ba haka ba Portage zai wuce shi. In facin ya fi ɗaya, bisa jerin haruffan sunayensu ake manna su, shi ya sa za ka ga mutane na sa 01 da 02 a gaba. Kuma ka tabbata kowa na iya karanta fayil ɗin, chmod 644, saboda ba root ke yin matakin shiri ba, portage ne.

Sunan foldar nan akwai magana a kansa, kuma ina so ka yi tunani. Kana iya sa mata thunar kawai, kana iya haɗawa da lambar siga. In ka sa lamba, facin zai hau wannan sigar kaɗai. Ranar da sabuwa ta fito, Portage zai gina ta lafiya lau ba tare da facinka ba, ba zai ce maka uffan ba, kai kuma kana zaune da tabbacin ƙofa a rufe take, sai ranar da takardar wani ɗalibi ta salwanta. In ka bar ta thunar kawai, zai gwada facin a kan kowace siga. Ya hau, madalla. Bai hau ba, gini ya tsaya da jan rubutu, dole ka waiwaye shi. Ni na fi son wanda zai tsaya ya yi mini ihu. Ga abin da ake yi don kariya, shiru ya fi komai haɗari.

Kafin ka gina, ɗauki hoton wadda ke aiki yanzu da quickpkg xfce-base/thunar. Zai ɗaure Thunar ɗinka ta yanzu ya ajiye a /var/cache/binpkgs, in gyaran ya zo da matsala ka dawo da ita da emerge -1K cikin daƙiƙoƙi. Sannan sake buga ebuild ɗin nan na farko da clean prepare, ka zuba ido. Za ka ga sunan facinka ya wuce, sai layin da ke cewa User patches applied. In ba ka ga wannan layin ba, kada ka ci gaba, ko sunan folda ne ba daidai ba ko ƙarshen sunan fayil. In ka gan shi:

emerge -1 xfce-base/thunar

Wannan -1 ɗin don kada a rubuta Thunar a jerin abubuwan da ka zaɓa da kanka ne. Ka sani kuma Portage ba ya lura da cewa ka ajiye sabon faci, emerge -uDN @world ba zai sake gina komai a kan haka ba, kai ne za ka ce a gina.

Ga wani rami da bai daɗe da bayyana ba. Tun Disambar 2023 Gentoo ke raba ginannun ƙunsoshi a hukumance, kuma masu tsofaffin injuna irinka da yawa sun kunna getbinpkg don su huta da jiran gini. Shawara ce mai kyau, amma ginannen ƙunshi ba ya bi ta matakin shiri a kwamfutarka, don haka facinka ba zai taɓa shi ba. In ka kunna, ƙara --usepkg-exclude xfce-base/thunar a EMERGE_DEFAULT_OPTS cikin make.conf, yadda komai zai zo ginanne ban da wannan ɗaya. Haka ma duk abin da sunansa ya ƙare da -bin, irin firefox-bin da libreoffice-bin, babu tushen da za a yi wa faci.

Bayan an gama girkawa za ka buɗe Thunar ka danna Shift da Delete, wataƙila ka ga ya goge kamar da, gabanka ya faɗi. Kwantar da hankalinka. Thunar na zama a ɓoye ko ka rufe tagarsa, tsohon ne har yanzu ke cikin ƙwaƙwalwa. Buga thunar -q, ka sake buɗewa. Sannan ka gwada ta ko'ina: da maɓalli, da danna dama, a kan fayil ɗin da ke bisa tebur, a cikin filashi, a cikin kwandon kansa. Zubar da kwando gaba ɗaya wani aiki ne daban a fayil ɗin, thunar_application_empty_trash, in kana so shi ma ka toshe shi sai ka ƙara masa nasa layin. In ka toshe duka biyun, kai za ka riƙa zubar da kwandon da gio trash --empty idan an tashi daga aiki. Ka kuma gaya wa yaranka abin da ke faruwa da filashin masu kawo aiki: abin da aka jefa kwando daga filashi yana nan cikinsa a wata ɓoyayyiyar folda mai suna irin .Trash-1000, wurin bai ragu ba. Mutum zai ce a share masa filashi ya tafi, ya je gida ya tarar a cike.

Dole in faɗa maka gaskiya a kan iyakar wannan gyaran. Ya toshe Thunar ne kawai. Wanda ya buɗe tagar umarni ya buga rm, ko ya buɗe takarda ya share rubutun ciki ya adana, facinka bai san da shi ba. Takardun mutane amana ce a hannunka: takardar neman aiki, kundin kammala karatu, wasiƙar gado. Ka ware wa yara asusu dabam wanda ba shi da ikon taɓa foldar ajiya, ka sa rsync ya riƙa kwafe aikin yini zuwa wani faifai kowane dare. Facin zai rage kuskuren hannu, amma shi kaɗai bai isa ka kwana da ido biyu rufe ba.

Sai batun wuta da zafi, wanda masu rubuta littattafan jagora ba su san da shi ba. Thunar ƙarama ce, mintuna kaɗan ta ginu ko a tsohuwar kwamfuta. Amma in ka saba, hannunka zai kai ga manya, kuma LibreOffice ko webkit-gtk a inji irin naka sa'o'i suke ci. A watan Maris da Afrilu, lokacin da zafin Garwa ke haura digiri 40 kuma ruwan Lagdo ya ja baya, ba ka da tabbacin wuta za ta kai ka ƙarshen gini. In an ɗauke ana tsakiyar aiki, kada ka sake buga emerge, don zai share ya faro daga farko. Buga ebuild da hanyar fayil ɗin, ka ce compile ba tare da clean ba, zai tsallake matakan da ya gama ya ɗora daga inda aka tsaya, sannan ka ce merge. In ya yi kukan wani fayil ɗin da yankewar ta bari rabi, goge wannan ɗaya ka sake. Girka ccache, mai adana abin da aka riga aka gina, ka kunna shi a FEATURES, yana rage wahala sosai idan kana gina abu ɗaya sau da yawa kana gwada faci. Kada ka cika MAKEOPTS, saitin yawan ayyukan gini a lokaci guda, ƙa'idar da ake bi ita ce kusan gigabait 2 na ƙwaƙwalwa ga kowane aiki ɗaya, don haka inji mai gigabait 4 ya tsaya a -j2. Manyan gine-gine ka bar su sai dare ya raba ko bayan asuba, ka busa ƙurar fanka tun kafin lokacin zafi. Data kuma, emerge -f yana sauke ƙunsoshi kawai ba gini, ka yi shi lokacin da ya fi maka sauƙi, ka kwafe distfiles a filashi zuwa sauran injunan.

Ba ma sai ka gina sau uku ba. Gina a wadda ta fi ƙarfi da --buildpkg, ka kai ƙunshin da ya fito wa sauran biyun su girka da -K. Sharaɗin shi ne tutocin USE su zama iri ɗaya, kuma kada ka sa -march=native in injunan ba iri ɗaya ba ne, don abin da aka gina wa sabon inji yakan faɗi a kan tsoho. A cikin shagonka lasisin GPL bai ɗora maka komai ba, gyara yadda kake so. Amma ranar da wani abokin sana'a a Kuseri ko Njamena ya ce ka ba shi ginanniyar Thunar ɗinka, haƙƙinsa ne ya sami tushen da ka gina ta da shi, har da facin. Ni ma facin na fi so ka ba shi, ya karanta ya san abin da ya ɗora wa injinsa.

Wata rana facin zai ƙi hawa, wannan babu makawa. Xfce 4.18 ta fito a Disambar 2022, 4.20 ta biyo a Disambar 2024, kuma a irin wannan tsallen ana motsa layuka da yawa. In ya faru, ba abin da ya lalace: Portage ba ya taɓa wadda ke girke sai sabuwar ta ginu, don haka tsohuwar Thunar mai facinka tana nan tana aiki. Janye facin gefe na ɗan lokaci, ka shirya sabon tushe yadda muka yi, ka yi git commit, ka gwada patch -p1 da tsohon facin. Inda ya ƙi zai bar maka fayil mai .rej, ka buɗe ka ga layukan, ka nemi sabon mazauninsu ka sa da hannu, ka fitar da sabon diff. Gyara mai layi biyar aikin kwata ɗin awa ne. Mai layi ɗari biyar kuwa zai cinye maka yinin Lahadi duk fitowa, shi ya sa nake ta nanata ƙanƙanta. Ko da ya hau lafiya a sabuwar siga, sake gwada Shift da Delete da hannunka, don yana yiwuwa layin ya zauna amma hanyar gogewar ta koma wani aikin. Abin da ba na so ka yi shi ne ka rufe sababbin sigogi a package.mask ka manta. Na mako ɗaya kafin ka sami sukuni, babu laifi. Na shekara, ka hana kanka gyare-gyaren tsaro, kuma sauran Xfce za ta wuce ta bar Thunar ɗinka a baya har sabuntawa ta cije.

Akwai inda /etc/portage/patches ba ya isa. In gyaranka na buƙatar wata sabuwar manhaja da za a dogara da ita, ko sabuwar tutar USE, ko ka taɓa configure.ac alhali ebuild ɗin ba ya sake haifar da configure, to ebuild ɗin kansa ne ke son gyara. Nan sai ka buɗe rumbunka da eselect repository create local, ka kwafo foldar manhajar ciki, ka sa facin a files, ka rubuta sunansa a PATCHES, ka sabunta Manifest da pkgdev manifest. Nauyin ya fi na farko, don yanzu kai ne mai kula da ebuild ɗin, kuma da zarar rumbun Gentoo ya sami siga mafi girma Portage zai bar naka ya bi ta. Ga aikinka na yau ba ka buƙatarsa.

Shekarun baya na kula da ɗakin kwamfuta na wata makaranta a Ngaundere, ina da faci shida ko bakwai da na tara a hankali. Faifan babbar kwamfutar ya mutu a tsakiyar zango. Tsarin na dawo da shi cikin kwana biyu, amma facin babu kwafinsu a ko'ina, kuma biyu daga ciki na kasa tuna dalilin da ya sa na rubuta su sai da matsalolin suka dawo ɗaya bayan ɗaya a gaban ɗalibai. Abin ya dame ni ƙwarai. Tun daga ranar nake sa /etc/portage gaba ɗaya a git, ina ajiye kwafi a waje, kuma a saman kowane faci ina rubuta layi biyu ko uku: me yake yi, don me, a kan wace siga na auna shi. Umarnin patch yana tsallake duk rubutun da ya zo kafin layin diff na farko, don haka kana iya rubuta bayanin da Hausa, ba abin da zai hana shi hawa.

In Thunar ta yi maka wani abin mamaki nan gaba, cire facin ka sake ginawa ka gani ko matsalar na nan kafin ka kai ƙara bugs.gentoo.org, don masu kula za su ga layin User patches applied a rahotonka kuma shi za su fara tambaya. In kuma ka ga masu shaguna da makarantu da yawa na son abin nan, rubuta wa masu Xfce a gitlab.xfce.org ka nemi a sa shi a matsayin zaɓi. In sun karɓa, ka goge facinka ka huta da ɗaukarsa.

Turo mini abin da git diff ya fitar kafin ka gina, in duba maka wurin da ka sa return ɗin da layin sakin jerin. Ka gaida mutanen shago.